Juwan kolekta na ta ƙonewa a tsohuwar kamyo: me ke kashe shi?

Wani matashin direba a nan Maradi ya aiko da wannan tambaya a kan juwan kolekta, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin kilas (kan inji) da kolekta, ƙarfen da ke tattara hayaƙin silinda ya miƙa wa salansa: "Ina da tsohuwar Mercedes 1113 da na gada wurin mahaifina, ina ɗauko aya da wake daga kasuwannin Cadawa da Gazawa. Tun bayan damina take wani ƙara cak-cak-cak da safe, hayaƙi kuma na shigowa kabin. An canza juwan kolekta sau biyu, kowane bai yi wata guda ba. Kusa ɗaya ta can baya ta karye a cikin kilas, mai gyaran ya ce sauran sun isa su riƙe. Yanzu ya ce a haɗa juwan biyu a shafa jan gam. In yarda? Kuma zan iya lallaɓawa har kaka ta wuce?"

Ƙanena, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa albarka a abin da ya bar maka. Kada ka yarda. Juwan biyu da jan gam za su kashe ƙarar na ƴan kwanaki, daga nan ta dawo, kuma ba ita kaɗai za ta dawo ba. Juwan da ya ƙone sau biyu a jere, akwai abin da ke kashe shi, kuma a bayaninka ka riga ka faɗi rabinsa: kusar nan da ta karye.

Injin da ke cikin 1113 shi ne OM352, silinda shida a jere, lita 5.7, wanda Mercedes ta fara fitarwa a 1964, aka yi ta ƙera shi a Jamus da Barazil shekara da shekaru. Kan injin, wato kilas, ƙarfen zubi ne, kolektar hayaƙin ma haka. Amma zamansu ba ɗaya ba. Kilas ruwa ke zagayawa a cikinsa, zafinsa bai cika nisa da digiri 100 ba. Kolekta kuwa ba ruwa ba komai, hayaƙin da ke bi ta cikinta yakan kai digiri 600 har ya wuce in mota ta sha kaya tana ja. Ƙarfen zubi mai tsawon mita ɗaya yana ƙaruwa da milimita ɗaya da ɗoriya a duk digiri 100. Yi lissafin da kolekta mai tsawon kamar santimita 70: tsakanin sanyin asuba da tsakar rana a kan hanya takan miƙe milimita 3 zuwa 4, alhali kilas ɗin da aka ɗaure ta a jikinsa kusan yana nan yadda yake. Da dare ta koma. Gobe haka, jibi haka, tun ba a haife ka ba.

Tsakiyar kolekta ba ta motsi sosai, ƙarshenta biyu, na gaba da na baya, su ke shan tafiyar. Shi ya sa kusar da ke karyewa kusan kullum ta silinda ta ɗaya ce ko ta shida, kamar taka. In shekaru suka ja kuma, ƙarfen ba ya komawa daidai yadda ya fito daga masana'anta. Yakan ɗan tsuke, ya ɗan lanƙwashe, fuskar da ke zama a kan juwan ta ɗaga a wani wuri kamar ƙyauren katako da ya sha damina. A wurin da ta ɗaga ɗin nan, ga shi ba kusar da za ta danne ta, hayaƙi mai zafi ke samun ƙofa. Da ya samu ƙofa kuwa, sai ya cinye juwan. Bayan juwan ya koma cin ƙarfen, ya haƙa ƴar kwata a fuskar kolekta, wani lokaci har a fuskar kilas. Wanda ya ce maka sauran kusoshin sun isa, bai duba wannan ba: kowane bakin silinda kusoshinsa ke danne shi, na maƙwabcinsa ba sa yi masa aiki.

Jan gam ɗin da ake sayarwa, mafi kyawunsa an rubuta a jikinsa yana jure digiri 300 zuwa 350. Ga shi an ce maka wurin yana kai 600. Juwan biyu kuma ninka laushi ne: ka ɗaure yau, zafi ya matse su gobe, kusoshi su saki jibi. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Maganar lallaɓawa har kaka ta wuce, na san abin da ke ranka, yanzu ne lokacin da mota ke ciyar da gida. Da ƙara ce kaɗai, da na ce ka ɗan lallaɓa kana sa ido. Amma ka ce hayaƙi na shiga kabin, a nan na tsaya. A cikin hayaƙin inji akwai iskar da ba ta da launi ba ta da wari, mai hana jini ɗaukar iskar numfashi. Injin gazuwal bai kai na isansi fitar da ita ba, amma yana fitarwa, musamman in yana baƙin hayaƙi. Alamarta ciwon kai, jiri, da barci mai nauyi, abin da direba zai ɗauka gajiya ce. Hunturu na tafe, za ka rufe gilasai, aparantinka ma zai so ya kwanta ciki inji na kunne don ya ji ɗumi. Ka hana shi. Kafin ranar gyara ka yi tafiya gilashi a buɗe, ka toshe ramukan da ke bangon tsakanin inji da kabin inda robobi suka zube, ka kuma kawar da duk wayar wuta ko tiyo da ke kusa da inda hayaƙin ke hurawa. Amma gyaran a yi shi cikin makon nan. Kwana biyu da ka rasa sun fi kilas da aka cinye wa fuska arha nesa ba kusa ba.

Kafin a taɓa kile, wato sufana, a tabbatar da wurin. Ƙarar juwan kolekta tana da hali: tana tashi da ƙarfi in inji na sanyi, tana ƙaruwa in ka taka, tana raguwa in ya yi zafi saboda ƙarfe ya kumbura ya rufe ƙofar. Ƙarar supap, wato bawul, da ta yi sako-sako ta fi kama da bugun ƙarfe da ƙarfe, daga saman murfi take fitowa. Washar jan ƙarfe da ke ƙarƙashin injekta, mai fesa gazuwal cikin inji, ita ma in ta saki takan yi wani tsaki mai kama da wannan, an sha canza juwan a banza saboda ita. Ka duba da fitila da sassafe: inda juwan ya fashe za ka ga baƙin hayaƙi ya zana layi a jikin kilas. Ko ka ɗauki guntun tiyo, baki ɗaya a kunne, ɗayan kana bin gefen kolekta da shi, kana nesa da fanka da bel. Ka duba jikin kolektar kanta ma, musamman inda rassa ke haɗuwa, don tsaga ma irin ƙarar nan take yi.

Kwancewa ita ce rabin aikin, kuma a nan ake yin ɓarnar da ta fi tsada. Tun daren jajibirin aiki a goge tsatsa da buroshin waya, a jiƙa kowace kusa da man kwance tsatsa, WD-40 ko makamancinsa. In babu, kananzir ko gazuwal da aka haɗa da ɗan man giya mai ruwa-ruwa yana taimakawa. A sake jiƙawa da asuba. Inji ya kwana ya huce sarai, a cire batir. A yi amfani da soket mai kusurwa shida wanda ya zauna daram, don buɗaɗɗen kile yana murje kan kusar da tsatsa ta riga ta ci. Kowace kusa a ɗan buga kanta da guduma, a fara ɗan matsa ta kamar za a ƙara ɗaurewa, sannan a juyo. In ta motsa kaɗan ta tsaya, kada a ja da ƙarfi. A mayar da ita, a zuba mai, a sake kwancewa, gaba da baya, gaba da baya, har ta saki. Wadda ta ƙi, a sa wa notin wutar gas har ya yi ja, notin kaɗai, a bar shi ya ɗan huce, a gwada. Bokitin yashi na kusa, don man da aka zuba yana kama wuta, ga bututun gazuwal a unguwar. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yaro ya zura dogon bututu a kile ya rataya a jiki. Ƙarfinsa da na bututun sun fi ƙarfin kusar da ta sha wuta shekaru, kuma ba za ka ji lokacin da ta fara murɗewa ba sai dai ka ji ƙas.

A fara sassautawa daga ƙarshen kolekta biyu zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan, kada a cire ɗaya gaba ɗaya sauran na ɗaure tamau. A raba kolekta da bututun salansa tukuna, kada nauyinsa ya rataya a kan kusoshin ƙarshe. Da ta fita, a cusa tsumma mai tsabta a kowane baki na kilas, a ƙirga su, a kuma ƙirga su ranar fitarwa.

Tsohon juwan kada ka bari a jefar kafin ka duba shi. Inda ya matsu za ka ga sawu mai sheƙi, inda bai matsu ba za ka ga baƙi ya ƙetare. Shi zai nuna maka wane baki ne ya ɗaga. Wani abu kuma: tsofaffin juwan da yawa, da wasu masu arha da har yanzu ke yawo a kasuwa, akwai asbestos a cikinsu, ƙurarsa na lalata huhu bayan shekaru. A jiƙa ragowar da ta manne kafin a kankare, kada a sa injin gurza, kada a hure da iska ko da baki.

Yanzu kusar da ta karye. Hanyar da na fi amincewa da ita walda ce, ko da ta karye daidai da fuskar kilas, ko ta ɗan nutse. A share kan guntun har ya yi fari. A ɗora washa mai kauri wadda raminta ya ɗan fi guntun ƙanƙanta ko ya yi daidai da shi, a yi walda ta cikin ramin har ta kama guntun sosai, sannan a ɗora babban noti a kan washar a cika cikinsa da walda. Amfaninta biyu ne. Ka samu abin kamawa, zafin waldar kuma ya kumbura guntun, in ya huce ya tsuke ya rabu da tsatsar da ta riƙe shi. A bar shi ya huce da kansa, ba ruwa, sannan a taɓa shi a hankali, gaba da baya. Sau da yawa notin farko yakan ɓalle ya bar guntun. Ba komai, a sake, kowane zagaye ƙara sassauta shi yake yi. Sandar walda ta gama-gari ba ta kama ƙarfen zubi da kyau, wannan ma taimako ne a nan, don ba ta cika mannewa da kilas ba. Batir a cire gaba ɗaya, wayoyin altaneta ma, kuma mai walda ya maƙala wayarsa ta ƙasa a jikin kilas kusa da wurin aikin. In ya maƙala ta a shasi, wutar na iya bi ta inda ba a so.

In walda ta gaza, sai huda. Nan ne ake son mai haƙuri, ba mai ƙarfi ba. A daidaita kan guntun, a buga masa alama a tsakiya cif, a fara da siririn baki na milimita 3 ko 4, injin huda a tsaye sak. Dabarar da ke hana karkacewa ita ce a mayar da kolektar a ɗaure ta da kusoshi biyu, a sa ɗan guntun bututu a raminta ya zama jagora. Kafin a fara, a zura waya a ramin maƙwabciyarta a auna zurfinsa, a naɗa salatif a bakin hudar daidai wannan awon. Bayan ramin nan hanyar ruwa ce. Wanda ya zarce, ruwan lagireto zai gaishe shi, aikin juwan ya koma aikin kilas. In ana samun bakin huda mai juyin hagu, ya fi, don yakan kama guntun ya kwanto shi tun ba a gama ba. In babu, a yi ta ƙara girma a hankali. Kusar da kile 17 ke kamawa galibi M10 ce, wato mai kaurin milimita 10, ita ana tsayawa a milimita 8.5, a tsince ragowar haƙoran da tsinken ƙarfe, a bi da abin gyaran haƙora na M10 mai tazarar 1.5. Wadda kile 13 ke kamawa M8 ce, ana tsayawa a 6.8.

Akwai wani ɗan ƙarfe mai murɗin hagu da ake sayarwa don ciro karyayyar kusa. A kan kusar da ta karye saboda an ɗaure ta fiye da kima, yana aiki. A kan wadda tsatsa da wuta suka haɗe da kilas, ni ba na kusantarsa. Yana buɗa guntun ya ƙara matse shi a rami, shi kansa kuma ƙarfe ne mai tauri mai saurin karyewa. In ya karye a ciki, bakin huda na gama-gari ba ya cin sa.

In haƙoran ramin sun lalace, ana sa musu sababbi na waya, irin Helicoil, su dawo da awonsu na asali. Wasu na buɗa ramin su koma M12, yana yiwuwa in akwai nama a wurin, amma sai an buɗa ramin kolekta shi ma. Tunda taka ta can baya ce kusa da kabin, in ka ga injin huda ba zai tsaya sak ba saboda matsi, a sauke kilas a yi aikin a kan tebur. Za ka sayi juwan kilas, za a sake saita supap, ranka zai ɓaci. Duk da haka ya fi rami karkatacce.

To, ga inda gizo ke saƙa, wurin da na tabbata ba a duba ba a gyara biyun da aka yi maka: fuskar kolekta. A kankare ta tas, a kifa ta, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe na awo a kan bakunanta gaba ɗaya. Ba guntun rodi ba, ba katako ba, ƙarfen da aka san miƙaƙƙe ne, ko gilashi mai kauri. A ɗauko siraran ƙarafan nan da ake saita supap da su, a gwada zurawa a ƙarƙashi, baki bayan baki, a tsaye da kuma a karkace. A wurina, in na milimita 0.2 ya shige, na fara shakka. In na 0.3 ya shige a sake, ba na mayar da ita sai an gyara. Gyaran na masu injin daidaita fuskar kilas ne, su ɗebe kaɗan har bakunan su zo layi ɗaya. In lanƙwasar kaɗan ce, sanfefa da aka manna a kan gilashi mai kauri tana yi, ana goga kolektar gaba ɗayanta a kai, a shafa mata alli ko baƙin maka don a ga inda ke ci da inda bai ci ba. Aiki ne na gumi amma yana fitowa. Injin gurza na hannu kuwa kada ya kusance ta, ba hannun da ke iya fitar da fuska shimfiɗaɗɗiya da shi. A yi wa fuskar kilas irin wannan awon.

Sai a gwada ta a jikin kilas ba juwan, a ga ko kusoshin na shiga da hannu. In na can ƙarshe biyu suna gogar gefen rami, kolektar ta tsuke ke nan. A ɗan buɗa ramukan da zagayayyen magagari har kusa ta samu sarari ta kowane gefe. Masu ƙera ta da gangan suka bar wa kusoshi sarari don tafiyar nan ta milimita 3 zuwa 4. Kusar da aka tura da guduma ta shiga a matse, an riga an yanke mata ranar karyewa.

In an samu tsaga, ana iya walda, amma ƙarfen zubi yana da sharaɗi: a huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a gasa kolektar gaba ɗaya, a yi da sandar nikel guntu-guntu, a binne ta a toka ko busasshen yashi ta huce a hankali har gobe, sannan a daidaita fuskar, don walda na jan ƙarfe. Ko an yi duk wannan, ƙarfen da ya sha wuta shekaru ba kullum yake karɓa ba. In tsagar ta zagaye reshe, nemi wata kolektar ta hannu, a nan Maradi wurin masu kayan tsofaffin manyan motoci, ko ka aika Ƙofar Ruwa a Kano. Ka tafi da ƙarfen awonka ko ka ba ɗan aiken, don ta hannu ma daga jikin wani tsohon inji ta fito.

Juwan kansa, je da tsohon a hannu ka gwada rami da rami. In Katsina ko Kano za a sayo, gasket za a ce musu. Ga tsohuwar fuska irin taka na fi son mai ƙarfe a ciki da laushin garafayit a waje, ko mai zoben ƙarfe a bakin ramin, don yana cike ƴan ƙananan ramuka. Na zallar ƙarfe mai falle-falle yana da ƙarko, amma yana son fuska sumul kamar sabuwa. Wanda ake yankawa da almakashi daga takardar juwan, wannan na ruwa da mai ne, ba na wuta ba. In gefe ɗaya ƙarfe ne ɗayan mai laushi, ƙarfen ke kallon kolekta, tunda ita ce mai gogawa, sai fa in an rubuta akasin haka a jikinsa. A sa shi a bushe, ba gam, ba girisi.

Kusoshi a canza su duka, ba wadda ta karye kaɗai ba, ai tare suka sha wahalar. A duba kan kowace, a ga an buga lambar ƙarfinta, 8.8 ko 10.9. Marar lamba ta masu kayan gini ce, ba ta da wurin zama a jikin inji. In gujon ne, wato kusa marar kai da ake ɗaurewa da noti, a samu notin da aka yi don hayaƙi, mai ruwan jan ƙarfe. Washa mai tsaga da ake sa wa don hana kwancewa ba ta da amfani a nan, zafi na kashe mata tauri, a sa shimfiɗaɗɗiya mai kauri. In ka tarar da dogayen kusoshi da ƴan guntayen bututu a ƙarƙashin kansu, kada wani ya ce maka ado ne ya musanya da gajeru. Doguwar kusa tana da ɗan miƙewa, tana bin kolekta in ta motsa, gajera kuwa sai dai ta saki ko ta karye. Kowane rami a share shi har ƙasa, a fitar da tsatsa da man da ya taru. Ga wani tarko da ke kama har manyan makanikai: bayan an ɗebe fuskar kolekta ta ragu da kauri, kusa na iya taɓo ƙasan rami kafin ta danne juwan. Kile zai ce maka ta ɗauru, juwan kuwa yana sako-sako. A gwada kowace ba kolekta, a ga iya inda take shiga, a kwatanta.

Ɗaurewa daga tsakiya ake farawa a nufi ƙarshe biyu, dama da hagu, zagaye uku: na farko da hannu har su zauna, na biyu rabin ƙarfi, na uku cikakke. M10 mai lamba 8.8 tana ɗaukar wajen Nm 45 zuwa 50, abin da muke cewa kilo huɗu da rabi zuwa biyar. M8 wajen Nm 25. In kana da littafin injin, abin da ya ce shi ne gaba. A shafa wa haƙoran ɗan girisin jan ƙarfe don wanda zai kwance nan gaba ya yi maka addu'a, amma a tuna kusa mai maiƙo ta fi saurin matsewa, sai a tsaya a ƙasan awon. Ka ari kile mai awon ƙarfi ko na yini ɗaya ne. Hannun da ya saba da notin taya bai san kilo biyar ba. Bututun salansa shi ne na ƙarshe, kuma ya zo ya zauna da kansa, ba a jawo shi da igiya ko a ɗaga shi da jak ba.

A tayar da inji ya yi zafi sosai. Zai ɗan yi hayaƙi da wari, man da aka zuba ne ke ƙonewa. A kashe, a bar shi ya huce sarai, a sake bin kusoshin da awon nan, daga tsakiya. Bayan tafiyar farko da kaya, a ce ka je Tasawa ka dawo, a sake bi da safe kafin a tayar. Sabon juwan yana kwantawa in ya sha zafi, ɗaurin ya ragu. Tsallake wannan mataki kaɗai ya isa ya kashe juwan mai kyau a wata guda, kuma ina zargin yana cikin abin da ya same ka.

Ka ce tun bayan damina abin ya fara, wannan ya sa nake so ka shiga ƙarƙashin motar. Hanyoyin ƙauye da gargada suna tsinka maratayan salansa, sai a ɗaure da waya ko a manne da walda a jikin shasi. Inji yana rawa a kan robobinsa, shasi ba ya rawa tare da shi. In bututun ya sandare, ko nauyinsa duka ya koma kan kolekta, kowane rami da ka faɗa kusoshin nan ne ke biya. A mayar da maratayan roba, a duba robobin da inji ke zaune a kai, in akwai gaɓa mai lanƙwasa a bututun da aka cire, a mayar. Ruwa ma yana nasa: ratsa kwari da inji mai zafi, ko yaran wanki su watsa wa kolekta ruwa da isowarka, duka suna tsaga ƙarfen zubi. A bar ta ta huce kafin wanki.

Sai zafin kansa. Injin gazuwal in iska ta yi masa kaɗan, ko gazuwal ya yi yawa, ko ya zo a makare, wutar takan biyo hayaƙi ta ƙarasa ci a cikin kolekta. Matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, injekta mai ɗiga maimakon feshi, famfon gazuwal da aka buɗe wa wuta don mota ta ja lodin da ya fi ƙarfinta, ko wanda aka saita a makare, kowanne na ɗaga zafin hayaƙi. Alamarsa baƙin hayaƙi mai kauri in ka taka, da kolektar da ke yin ja-ja in ka buɗe ka duba da dare bayan doguwar tafiya. In taka mai turbo ce, OM352A, abin ya fi tsanani, don hayaƙin da ya zube kafin ya kai turbo yana rage iskar da ake tura wa inji, zafi ya ƙaru, ƙofar ta ƙara buɗewa. Tunda motar za ta tsaya kwana biyu, a cire injektoci shidan a kai wa masu gwaji su ga feshinsu, a sa musu sababbin washar jan ƙarfe. Matatar iska in mai mai ce a wanke a zuba sabo daidai layin da aka zana, in ta takarda ce a canza, kada a yi ta bugunta a jikin taya. Lodi kuma ka rage hawa ɗaya na buhuna har ka yi ɗaurin nan na biyu.